Katin Sallah da Furar Yaya Dije

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Ana cewa ni ce na tsinka matar kansila a gaban jama'a ranar Sallah, na kuma kashe sana'ata da hannuna saboda taurin kai. Har jikokina na ji suna yi da ni, wai Kaka ta taɓa yin faɗa a kan fura. Na yi faɗa a kan fura, ban musa ba. Amma wanda ya ba ku labarin daga tsakiya ya ɗauko shi, ya bar farkon ya bar ƙarshen. Shi ya sa na ce a sayo mini littafi da biro in rubuta da kaina. Rubutuna karkatacce ne, da furfura na koye shi. Wanda ya kasa karantawa ya kai wa wanda zai iya, amma kada wanda ya gyara mini magana.

Shekarar wahala ce. Ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai, mutane suka girbe kara. Ga kuma abin da suke kira ostariti, sabulu sai layi, gishiri sai layi, mu nan ƙauye ko layin ba ya isowa gare mu. Gidaje da yawa tuwo sau ɗaya a yini, sauran a cike da kwaɗon rama. Gonar babanku ba ta ba shi abin da zai kai mu ko tsakiyar rani ba. Ƙulina ne ya riƙe gidan nan, kowa ya sani, shi ma ya sani. In sayo gyaɗa a kasuwar Zakirai, in soya, in kai niƙa, in matse mai, in murza ƙuli. Duk garin nan ba gidan da kwalbar man Habi ba ta shiga. A shekarar ne kuma aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamare, da yamma in yara sun tashi. Na shiga ne don na gaji da dangwala yatsa a takarda kamar an kama ɓarauniya. Mai koya mana ita ce Malama Binta, yarinya ce sa'ar babbarku, ta yi karatu a Kano, amma tana da kunya da ladabi.

Muna cikin azumi ta zo mana da wata magana.

"Iyayena, a birni in Sallah ta zo mutane kan aika wa juna kati, takarda ce mai ado an rubuta barka da Sallah. Me zai hana mu yi namu da hannu, mu kai wa waɗanda ba mai zuwar musu yawon Sallah?"

Na ce, "Malama, takarda ake ci? Mutum yana fama da yunwa ki kai masa kwali?"

Ta ce, "Inna Habi, in kina da buhun gero a ɓoye ki fito da shi, ni zan ɗauka a ka."

Aji ya kwashe da dariya, har da ni. Sai ta ce gero ba mu da shi, amma muna da hannu muna da ƙafa, kuma akwai mutumin da ya shekara da shekaru ba a kira sunansa ranar Sallah ba. Ta fara lissafo su. Tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Baba Audu makaho da ke zaune shi kaɗai a bayan masallaci. Da ta ce da mutanen Bayan Rafi, sai kowa ta sunkuyar da kai tana kallon allonta.

Ku yaran yanzu ba ku san Bayan Rafi ba, gonaki ne yanzu. 'Yan bukkoki ne a hayin rafi, can aka ware masu ciwon kuturta. A cikinsu akwai Yaya Dije. Ba uwa ɗaya muke ba, maƙwabta muke a gidan iyaye, amma ita ta goye ni, ita ta koya mini saƙar faifai, ita ta sa mini lalle da aurena. Faifan Yaya Dije har birni ake kai shi. Ciwon ya kama ta da ƙuruciyarta, miji ya sake ta, aka tsallakar da ita, yatsun nan masu saƙa suka tafi ɗaya bayan ɗaya. In na je itace nakan tsaya bakin rafi mu gaisa, mu yi hira da ɗaga murya. Ita ce kullum take hana ni ƙarasawa.

"Tsaya nan, Habi. Ke mai sana'ar abinci ce, kada ki tsallako. Ba ciwon nake jiye miki ba, bakin mutane nake jiye miki."

Ciwon kuwa ba abin tsoro ba ne a lokacin. Malamin asibiti mai babur ya daɗe yana kai musu ƙwaya. Malama ta gayyato shi ajinmu, ya tsaya a gaban allo ya ce wanda ya daɗe yana shan magani ba ya sa wa kowa, kuma duk mutanen hayin sun daɗe suna sha. Kowa ta ji da kunnenta. Ku riƙe wannan, don wadda zan ba ku labarinta tana zaune a kujerar gaba ranar, tana gyaɗa kai.

Muka shiga aikin kati. Kuɗin takarda babu, sai muka bi gida-gida muna tara kwalin sukari da na ashana, muka samo takardar buhun siminti muka goge. Ƙaro muka jiƙa ya zama abin liƙi. Ja daga lalle, shuɗi daga shunin wanki, ɗorawa daga gangamau, baƙi kuwa tawadar babanku na ɗebo, ya yi ta faɗa wai ba ta wasa ba ce. Mu yi aiki da azumi a baki har la'asar sakaliya, yatsu duk ƙaro, ƙudaje na bin mu. Wata ta yi fure, wata ta yi jinjirin wata, wata ta zana masallaci ya fito kamar rumbu, muka yi ta tsokanarta. Ni na ce na Yaya Dije nawa ne, kada wadda ta taɓa. Na tsaga kaba siri-siri na rina, na ɗinka a jikin kwali irin zanen da ita kaɗai take yi a faifai, ja a tsakiya baƙi ya kewaye shi, tana ce masa idon zakara. Sunanta kuwa na ɓata kwali da yawa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ban taɓa rubuta sunan wani mahaluki ba kafin nata, ko na babanku.

Sai ga Hajiya Kulu. Ita ce matar kansila, ita ce kuma shugabar ƙungiyar mata, ita ce mai kujerar gaba. Ajin ma takan leƙo ne in ta ji za a yi baƙo. Ko sau ɗaya ƙaro bai taɓa yatsanta ba. Da ta ga katunan sun taru sun yi kyau, sai ta ce abu irin wannan ai da sunan ƙungiya za a yi shi, za ta kawo mota, za ta kawo mai hoto daga Zakirai. Ba ta tsaya nan ba, ta aika Bayan Rafi a ce musu manyan baƙi suna zuwa ranar Sallah. Wannan aiken shi ya jawo komai. Yau ta fara zama a ƙasar nan? Wa za a ce masa baƙo na tafe ya zauna hannu rabbana? Balle mutanen da rabon da wani ya taka ƙofarsu da sunan ziyara har sun manta.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi muka hau a-kori-kurar kansila, Hajiya a gaba cikin leshi, mu a baya da katuna a faifai. Muka fara da tsofaffin cikin gari. Da aka sa wa Baba Audu nasa a hannu, ya shafa ya shafa, ya ce:

"Ba dai takardar haraji ba ce ko? Don ni ko akuya ba ni da ita."

Malama ta karanta masa, ta kira sunansa, ta ce matan aji suna yi masa barka da Sallah. Tsohon nan ya laluba aljihu ya fito da goro ɗaya, ya yi taushi don daɗewa, ya ce ga tukwici. Kun dai sani, wanda aka kawo wa abin alheri ba ya barin ɗan aike ya tafi haka, kuma ɗan aike ba ya ƙi, ko tsinke ne. Ƙin karɓar tukwici zagi ne. Hajiya ta san haka, ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ɓara ta jefa a baki, mai hoto ya ɗauka. A nan na yarda da Malama, na ce ashe kwali ma yana da aikinsa.

Muka nufi Bayan Rafi. Rani ne, rafin yashi ne zalla. Tun daga nesa na ga irin shirin da suka yi. Sun share filin ƙarƙashin tsamiya tas, sun yayyafa ruwa, a shekarar da ruwan sha ma sai an yi tafiya. Sun shimfiɗa tabarmi, har da wata sabuwa a tsakiya. Sun yi wa yaransu wanka. Kowa ya sa abin da yake da shi mai kyau, sun jeru suna jira. Hajiya ta ce direba ya tsaya a wannan gefen. Ta fito ta ja gyale ta rufe hanci. Ta ce a ɗauki faifan katuna a kai tsakiyar yashi a ajiye a ƙasa a ja da baya, Malama ta rinƙa kiran suna, kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Na ce, "Hajiya, ga tabarma can an shimfiɗa mana."

Ta ce, "Habi, ba zama ya kawo mu ba."

Haka aka yi. Ana kira suna zuwa suna sunkuyawa, kamar kaji an watsa musu tsaba. Wanda ba shi da yatsu ya haɗa tafukansa ya ɗauka. Ba wanda ya ɓata rai, godiya suke yi, suna juya kwalin suna nuna wa juna. Da aka kira Yaya Dije ta zo ta ɗauki nata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta neme ni da ido.

"Habi, wannan idon zakarana ne. Amma har yanzu kina saurin jan kaba, ga bakin nan ya karkace."

Na ce, "Yaya, dubi ƙasa, sunanki ne na rubuta da hannuna."

Ta ce, "Waɗannan tsutsotsin ne sunana? To Allah ya raya su."

Aka yi dariya ta ko'ina, hayi da gangare. Da a nan aka tsaya da ban rubuta wannan babi ba. Sai dattijonsu ya yi gyaran murya ya ce baƙi su yi haƙuri, ba su da abin kirki, amma sun ɗan dama ruwa. Wata yarinya ta fito da ƙwarya an rufe da faifai. Fura ce. Daga baya na ji yadda aka yi ta. Kowace bukka ta ba da tafin gero, daga irin da suka ɓoye don shuka, nono kuwa kazar Yaya Dije aka ba wata Bafillatana. Yaya Dije ta biyo yarinyar tana bayani:

"Hajiya, ƙwaryar sabuwa ce, ludayin ma sabo ne, ba wanda ya taɓa sha da su. Yarinyar nan da ta dama lafiyarta ƙalau, ku dubi hannunta. Mu ba mu taɓa ba."

Kun ji fa. Tun kafin mu zo sun riga sun zauna sun yi tunanin ƙyamarmu, sun yi mata tanadi. Hajiya ta ce an gode, a ƙoshe muke. Dattijon ya ce ko a leɓe ne a taɓa, don yaran su gani. Sai ta juya wajen direba, a zatonta ƙasa-ƙasa take magana, ta ce:

"Sa tsumma ka karɓa, ka zaga bayan mota ka zubar."

Kowa ya ji. Na ga yarinyar ta tsaya da ƙwarya a hannu ba ta san inda za ta yi ba. Na ga Yaya Dije ta sunkuyar da kai, ta tura katin cikin zaninta. Direba ya ciro tsumman goge mota, wanda yake share baƙin mai da shi. Ni dai ban san lokacin da na isa ba. Na karɓe ƙwaryar daga hannun yarinyar, na taka yashin nan na haye, na zauna daram a kan sabuwar tabarma, na ce Yaya zo ki zauna kusa da ni. Na yi bisimilla na kai ludayi baki. Na sha, na ƙara, na ƙara. Malama Binta ta biyo ni, ita ma ta sha. Sauran suka tsaya a jikin mota kamar an dasa su.

Hajiya ta ɗaga murya daga can, "Habi, kin haukace ne? Ke fa abinci kike sayar wa jama'a!"

Na ce, "Hajiya, ɗazu a gidan Baba Audu kin karɓi goro kin tauna. Ke kika aiko a ce wa mutanen nan baƙi na zuwa. Irin shukarsu suka daka. Me kika kawo musu? Kwali. Kwalin ma ba ke kika yi ba. Su sun ba ki abincin bakinsu, kin ce a sa tsumman mota a zubar. Kina zaune malamin asibiti ya yi bayani, kina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. In hoto kika zo ɗauka, ga ni ga fura, a ɗauka a kai wa kansila."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ban zagi uwarta ba kamar yadda ake cewa. Ƙadangaruwar dai na faɗa. Ta shiga mota suka tafi suka bar mu, muka yini a hayin, muka dawo a ƙafa ni da Malama.

Kafin mu iso labari ya riga mu. Washegari na jera kwalabe a zaure, ba wanda ya leƙo. Jibi ma haka. Matan da suka shekara suna aiko yara da kwano suka koma saye a wani wuri, in mun haɗu a rijiya su ja gugansu gefe. Babbarku ta zo daga gidan mijinta tana kuka, wai surukarta ta ce in ta ci abin hannuna kada ta dawo. Babanku kuwa ya sa aka ware mini kwano da moɗa, a cikin gidan da nake ciyarwa.

Ya ce, "Ke ba ki tuna da yaran nan ba?"

Na ce, "Na tuna da su, Malam. Na kuma tuna da wadda ta goye ni. Kai ka yi karatu, nuna mini inda aka ce a zubar da abin da aka ba baƙo a kan idon mai shi."

Bai nuna mini ba, bai kuma mayar da kwanon ba. Kun sha wuya a watannin nan, ba zan ɓoye ba, kun ci tuwo da ruwan kuka ba mai ba daddawa, kuma na san wasunku har yau suna riƙe da ni. Ƙarshe sai wata dillaliya a Zakirai nake kai wa man a ɓoye, ta saya a wulaƙance, ta zuba a kwalabenta ta sayar da sunanta. Kun san wa ke aika direba ya sayo daga wurinta? Hajiya Kulu. Tana yabawa wai man Zakirai ya fi na gari tsabta. Hannun nan dai da ya riƙe ludayin shi ya matse shi.

Ita ma Yaya Dije ba ta raga mini ba. Da na koma hayin, faɗa ta rufe ni da shi.

"Ban ce kada ki tsallako ba? Ga shi kin jawo wa 'ya'yanki."

Na ce, "Da sai in tsaya a zubar?"

Ta ce, "Da an zubar, da ba mu sake shimfiɗa wa ɗan Adam tabarma ba."

Katin yana nan ta soke shi a jikin zanar bukkarta, daidai inda take kwanciya.

Da Babbar Sallah ta zo ba mu da rago, watanda babanku ya shiga aka raba sa. Yana zaune yana kasa naman, sai ya ware kashi ɗaya ya ƙunshe a takarda ya turo mini, bai kalle ni ba.

"Ki kai wa mutanen naki. In sun ba da tukwici, ki kawo mini nawa."

Soyayyar gyaɗa suka ba ni a ƙullin tsumma. Na kawo na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya murza ya hure ɓawon ya watsa a baki. Ranar ya ce a daina ware kwano. Ciniki dai bai dawo ba, har na tsufa na bar matsar mai mutanen garin nan ba su koma saye a hannuna ba. Ajin ma rabi suka gudu. Mu da muka rage mun ci gaba da yin kati kowace Sallah har Yaya Dije ta rasu, har hayin ya watse, kuma doka ɗaya muka kafa: wadda ba za ta zauna a tabarma ta ci abin da aka ba ta ba, ta yi zamanta a gida, ba ma son kwalinta.

Yanzu ina ganinku ranar Sallah kowa ya duƙufa a kan waya yana tura wa duniya barka, ga tsohuwa a bayan katangarku ba wanda ya leƙa. Ban hana ku ba. Amma kada in sake jin wani a gidan nan ya ce Kaka ta yi faɗa a kan fura yana dariya. Kuma tunda kullum sai kun tambaya ko ta yi daɗi, to ba ta yi ba. Nonon ya sha ruwa, sukari babu, ga tsami. Na shanye ta tas, har na kankare ƙwaryar.